Kafin A Sauke Kaya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Duba Gida Kafin Tarewa

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: an karɓi makulli, ana shirin tarewa, me ya kamata a duba? Mun zaɓi waɗanda suka fi maimaituwa, muka zauna a kansu tare da injiniyan gini da mai aikin wutar lantarki da mai aikin famfo. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Na kama hayar gida mai ɗaki uku, saura kwana goma mu tare. Na zagaya shi sau biyu, an yi masa sabon fenti, ko'ina fes. Akwai sauran abin dubawa, ko in kira mota a kwashe kaya? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kira motar tukuna. Kwanakin nan da gidan yake wayam su ne damarka ta ganin kowace kusurwa. Da zarar gado da kabad da firiji sun zauna, rabin bangon ya ɓuya, kuma duk gyaran da ya taso a kan kayanka da iyalinka za a yi shi. Sabon fenti kuwa ba shaidar lafiyar gini ba ne. Sau da yawa shi ke rufe tabon yoyo da tsagewa na 'yan watanni. In ka ga ɓangare guda na bango ko na silin ya fi sauran sheƙi, tambayi dalili.

Bi abubuwa gwargwadon haɗarinsu. Fara da abin da zai iya ɗaukar rai: wutar lantarki, gas, hayaƙi, ginin da ke motsi, rijiya ko ramin sokawe marar murfin kirki. Sai abin da ke cin dukiya a hankali: yoyon rufi, yoyon bututu, danshi, gara. Launin tayil da hannun ƙofa su jira. Yawancin masu tarewa daga ƙarshen nan suke farowa.

Riƙe tocila mai ƙarfi, sukundireba, tsani, bokiti, fensir, tef na awo da dutsen guga, za ka ji amfaninsa nan gaba. Je da rana, ka koma da dare don ganin hasken waje da yanayin unguwa, in kuma da hali ka sake leƙawa bayan an ɗauke ruwan sama. Ɗauki hoton duk aibun da ka gani da lambobin da ke kan mitar wuta da ta ruwa, ka tabbatar babu bashin wanda ya tashi. Rubuta gyare-gyaren a takarda, da wanda zai biya kowanne, kai da mai gida ku sa hannu kafin ka shiga. Alkawarin baki na "shiga kawai, za a gyara" ba kasafai yake cika ba.

TAMBAYA: Injiniya, gidan da muka saya ya kai shekara ashirin da ginawa. Na kunna kowane ƙwan fitila ya kama, na sa caja a soket ta yi aiki. Wannan bai isa a ce wayarin ɗin lafiya lau yake ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Bai isa ba, Hajiya. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ko ƙasa da haka yake ja, caja ma haka. Dutsen guga yana jan 1,000 zuwa 2,000, hitar ruwa takan kai 3,000. Wayar da ta gaji za ta ɗauki ƙwai ba gardama. Sai an ɗora mata nauyi halinta yake fitowa.

Fara da akwatin raba wuta. Buɗe ƙofarsa kawai, kada ki kwance murfin ciki. Duba ko akwai baƙin tabo, ko roba da ta narke, ko warin ƙuna. In tsohon tsari ne mai fis, a ciro a gani: wasu sukan ɗaura waya mai kauri ko ƙusa a madadin fis, wanda ba zai taɓa tsinkewa ba ko gidan na ci da wuta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aikin bireka kare waya ne, don haka dole girmanta ya dace da kaurin wayar. A inda ake amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, layin fitilu waya mai lamba 1.5 ake sa masa da bireka mai amfiya 6 ko 10. Layin soket waya 2.5 da bireka 16 ko 20, sai dai in layin ya zagaya ya dawo cikin akwatin kamar zobe, shi ana sa masa 32. Hita da murhun lantarki da babbar na'urar sanyaya ɗaki kowanne layinsa daban, da waya 4 ko 6. Inda ɓarnar take faruwa shi ne bireka ta dami mutane da faɗuwa, sai a kira wani ya cire ta 16 ya sa ta 40 a kan siririyar wayar nan. Faɗuwa ta daina, amma yanzu wayar ce za ta yi zafi a cikin bango ko silin har rigarta ta narke.

Sai ki nemi wata na'ura a cikin akwatin da aka rubuta wa RCD ko RCCB, da 30mA a jikinta, da ɗan maɓalli mai harafin T. Ita ce mai kare mutum. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga wani ɓangaren wutar ya ɓace, wato ya bi ta jikin mutum ko ta ruwa, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Bireka mai amfiya 16 ba za ta motsa ba don yaro ya taɓa waya, alhali wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciya. Danna maɓallin: in wuta ba ta ɗauke nan take ba, na'urar ta mutu, a canja ta. In babu ita sam, a sa kafin ku tare, sannan a riƙa gwada ta duk wata uku zuwa shida.

Na uku wayar ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda ke tafiya zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Akwai gidaje da yawa da soket ɗinsu ke da rami uku amma babu komai a bayan na ukun. Alamarsa firiji ko kan famfo ya riƙa ɗan jan mutum, musamman in ƙafa a jiƙe take. Akwai ɗan abin gwajin soket mai fitilu uku da ake cusawa, yana nuna in babu wayar ƙasa ko an juya wayoyin.

Yanzu ɗauko dutsen guga. Sa shi a kowane soket minti goma, sannan ki taɓa fuskar soket ɗin da bayan hannu. In ya yi ɗumi, ko kin ji ƙarar tartsatsi, ko fitilu sun dushe sosai, akwai sukurun da ya saki a ciki, kuma haɗin da ya saki shi ke haifar da zafi. Daga nan ki kashe bireka ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta ɗakin da kowace take riƙe da shi.

Gidan shekara ashirin ya cancanci ƙwararre ya zo da na'urar awo. Ya gwada rigar wayoyi da bolt 500, sakamakon kada ya gaza megaom 1, ya auna sandar ƙasa, ya kankare bakin waya bayan ya kashe wuta: in cikinta fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar nauyin da ta asali ke ɗauka. Ki sa ya rubuta miki lambobin. "Komai daidai ne, Hajiya" ba sakamakon gwaji ba ne.

TAMBAYA: Wanda ya tashi daga gidan a wani lungu kusa da kicin yake ajiye janareta, yana jan waya ya cusa a soket ɗin falo gidan duka ya samu wuta. In ci gaba da hakan? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: A'a, Alhaji, biyun duka ka bar su. Wayar da ke da filogi a kowane baki, in ɗaya na jikin janareta, ƙarafan ɗayan tsirara suke da wuta. Ban da haka, ranar da aka manta ba a kashe babban makunni ba, wutarka za ta koma kan layin waje ta iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke, in kuma aka dawo da wuta janaretan ya ƙone. A sa makunnin sauya layi, wanda ba ya barin layukan biyu su taɓa haɗuwa.

Lungun kuwa ya fi wayar haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Janareta a fili yake zama, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Ba gareji, ba ƙarƙashin bene, ba baranda, ko da an bar ƙofa a buɗe. In mutanen gida suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, a fitar da kowa a tafi asibiti. Gawayin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ma haka yake yi.

Ka sayi na'urar gargaɗin wannan iska ka kafa kusa da ɗakunan barci, da na'urar gargaɗin hayaƙi a silin ɗin kowane ɗakin barci da farfajiyar ciki da kowane hawa, nesa da murhu da mita 3 don kada girki ya riƙa tayar da ita. Ana danna maɓallin kowace duk wata, ana canja ta hayaƙin bayan shekara 10. In inbata za ka sa, batir masu ruwa suna fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka wuri mai shan iska suke so, da fis a kusa da kan batir ɗin.

TAMBAYA: Akwai tsagewa a bangon falo da na ɗakin barci. Dillali ya ce shafe ne kawai ya ja. In yarda? Daga wani mai shirin sayen gida.

AMSA: Dillali so yake ciniki ya faɗa, don haka auna da kanka. Yana iya yin gaskiya: shafen siminti yakan ja in ya bushe, ya bar siraran layuka barkatai waɗanda ko farce ba ya shiga. Ba su kai milimita 1 ba, cikewa da fenti sun wadatar. Har zuwa milimita 5 galibi aikin birkila ne, muddin tsagewar ta tsaya cik. Daga nan zuwa sama magana ta koma hannun injiniyan gini. Wadda ta wuce 15, yatsa na shiga, kada a kwana a ɗakin sai ya gani.

Amma siffarta ta fi faɗinta ba da labari. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi gaɓoɓin bulo hawa-hawa kamar matakala, ko samanta ya fi ƙasanta faɗi, ko ka fita waje ka same ta a daidai wurin, wannan ba shafe ba ne, harsashin ginin ne ke zama. Ka haɗa da wasu alamu: ƙofar da ke cijewa a firam ɗinta, tagar da ta ƙi rufuwa, daɓen da ruwa ke gangarewa gefe guda in ka zuba. Dalilan sanannu ne. Ƙasar yumɓu tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Filin da aka cike da shara yana lotsawa. Bututu ko sokawen da ke yoyo kusa da harsashi yana tausasa ƙasa. Saiwar babbar bishiya tana shanye ruwan ƙasar gefe guda.

Ɗaga kai ka dubi linta da ginshiƙai da ƙasan rufin kankare. Jan tabo a jikin kankare yana nufin ruwa ya kai ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ya ture kankaren da ke rufe da shi, har ɓaraguzai su fara faɗowa. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali: wurin da ya yi ƙarar fanko ya riga ya rabu.

Don sanin ko tsagewa na tafiya, ja layi da fensir a ƙarshenta biyu, rubuta kwanan wata, auna faɗinta a wuri uku, ka dawo bayan mako huɗu. Tunda saye za ka yi, tambayi kuma ko hawan sama yana cikin zanen asali ko daga baya aka ɗora, da wanda ya amince a ɗora tanki a kan rufi. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne cur.

TAMBAYA: Ƙasan bangon ɗakuna biyu yana kumbura, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa na fitowa. Silin ɗin ɗaki ɗaya kuma da tabo. Mai gidan ya ce zai sake fenti. Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama, fentin da aka shafa a kan danshi damina ɗaya zai yi. A nemo inda ruwan yake fitowa tukuna, kuma wurin tabon shi ke faɗa. Danshin da ya tashi daga ƙasa ya tsaya wajen mita ɗaya, da layi a samansa da farin gishirin nan, daga ƙasa bulo ke tsotso shi. Ko ba a sa shimfiɗar hana danshi ba lokacin gini, ko an cike ƙasar waje har ta haura ta. Kamata ya yi shimfiɗar ta ɗara ƙasar waje da santimita 15. Zagaya bayan ɗakunan ki gani: indararo na zuba a gindin bango? An yi lambun furanni manne da shi? Ƙasa ya kamata ta gangara nesa da gini, kamar santimita 15 a mita 3 na farko. In kuwa bangon da banɗaki yake jingine, bututu ne ko gaɓoɓin tayil.

Ga gwaji mai sauƙi. Yanko leda mai faɗin taƙi ɗaya, manna ta a bangon da salatif ta gefe huɗu, bar ta kwana biyu. Raɓa a gefen bango, ruwan daga cikin gini yake. Raɓa a gefen ɗaki, rashin shigar iska ne. Bayan an toshe tushen matsalar a bar bangon ya bushe na makonni, a goge gishirin da busasshen burushi, kada a wanke shi da ruwa don komawa ciki yake yi.

Silin kuma sai an hau. Mai hawa ya taka katakon rufi kaɗai, ya kashe tocila da rana ya nemi inda haske ke shigowa. Ramin yoyo yakan kasance sama da inda tabon yake, domin ruwa na bin katako ya gangaro kafin ya ɗiga. Wuraren da aka fi samu: tsororuwar rufi, kwarin da kwano biyu suka haɗu, inda kwano ya haɗu da bango, da ƙusoshin da robarsu ta mutu. In ba lokacin ruwa ba ne, mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasan rufin zuwa sama, ɗaya na ciki yana kallo. Tunda an hau, a soki katakai da sukundireba. Wanda ya nutse ko aka ga hanyar ƙasa a jikinsa, gara ta shiga. A duba wayoyin da aka haɗa da salatif kawai ko ɓera ya ci. In rufin ko silin ɗin tsohon asbesto ne, kada a fasa shi, kada a huda, kada a share ƙurarsa a bushe, domin zarensa na lalata huhu.

TAMBAYA: Gidan ya yi wata takwas a rufe. Banɗakuna na wari, ruwan famfo ya fito ja. Akwai tanki a sama da rijiya a tsakar gida. Daga wani mai karatu.

AMSA: Warin ya fi sauƙi. Ƙarƙashin kowane masai da wurin wanke hannu da magudanar daɓe akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ruwa, ruwan nan shi ke tare iskar sokawe. Wata takwas ya bushe. Zuba rabin bokiti a kowanne. In bayan kwana biyu warin bai tafi ba, ko bututun fitar da iska ya toshe, ko gindin masai ya saki, ko ramin ya cika. Buɗe murfin ɗan akwatin dubawa na waje, wani ya ja ruwa a ciki, ka ga ko yana wucewa ko tsayawa yake. Kada kowa ya shiga ramin sokawe ko ya zura kai, iskar ciki tana sumar da mutum nan take. Murfin ramin in ya tsage a sake shi.

Jan ruwa tsatsar bututun ƙarfe ce. Bar kowane famfo ya zuba minti biyar zuwa goma. In kullum da safe sai ya dawo, bututun sun ci ta ciki, canji suke so. Tanki a zubar da ruwansa, a goge cikinsa, a cika, a zuba bilic marar turare mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, lita 1 ga kowace lita 1,000. In mai kashi 3.5 ne, lita ɗaya da rabi. Buɗe famfuna har ka ji warinsa a kowanne, rufe, bar shi awa 24, zubar, sake cikawa ka ɗauraye. Ba a shan wannan ruwan, kuma ba a haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, iska mai guba suke fitarwa.

Yoyon ɓoye kuwa: cika tanki, rufe duk famfuna, sa alama a bakin ruwan, dawo da safe. In mita ce, karanta ta ka jira awa biyu. In ruwa ya ragu, fara zargin tankin masai: ɗiga launi a ciki, in ya bayyana a kwanon cikin minti ashirin ba tare da an ja ba, robar ƙasansa ta mutu. Banɗakin bene a toshe magudanarsa, a tara ruwa santimita biyu ya kwana, a dubi silin ɗin ƙasa.

Rijiya ana so ta yi nisan mita 30 daga sokawe ko masai, naka da na maƙwabta. In ba ta kai ba, a kai ruwan ɗakin gwaji, kafin nan a tafasa na sha. Hita kada a kunna ta sai ta cika da ruwa, in ba haka ba ƙarfen ɗumamawar zai ƙone. A saita ta a digiri 60, a tabbatar bawul ɗinta na rage matsi yana aiki. Kowa a gidan ya san inda babban makullin ruwa yake.

TAMBAYA: Na tarar da tiyo da kan tukunyar gas a kicin, da alama lafiyarsu ƙalau. In yi amfani da su? Daga wata uwargida.

AMSA: Sayi sababbi, Hajiya, ba ki san shekarunsu ba. Tiyon gas na musamman ne, ba na ruwa ba, kada ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe, kada ya bi ta bayan murhu. Lanƙwasa shi lokaci-lokaci, in kin ga ƙananan tsaga ya gama aiki. Bayan haɗawa, kaɗa ruwan sabulu ki shafa a kan tukunyar da gaɓoɓin tiyon; inda kumfa ke tasowa nan ne yoyo. Ba a gwadawa da ashana.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Saboda haka kicin yana bukatar mashigar iska ta ƙasa, kuma ba a ajiye tukunya a rufaffen kabad, ko kusa da magudana, ko a kwance. In da hali a yi mata keji a waje cikin inuwa. Harshen wuta shuɗi ake so. Ja ko ruwan ɗorawa mai baƙanta tukunya yana nufin ba ya ƙonewa sosai, a wanke kan murhun. In kin shigo kin ji wari, kada ki kunna fitila kuma kada ki kashe, tartsatsin makunni ya isa. Rufe kan tukunyar gas, buɗe ƙofofi da tagogi, a fita.

Rataye tukunyar kashe gobara mai gari, kilo 2 ko fiye, kusa da ƙofar kicin, ba kusa da murhu ba, allurarta na kan kore. Man da ya kama wuta murfi ake kifa masa a kashe murhu. Ruwa watsa shi yake yi.

TAMBAYA: Duk tagogin gidan an yi musu ƙarfe an walde. Na ji daɗin hakan saboda ɓarayi. Sai makullai, in canja? Daga wani uban yara.

AMSA: Canja na ƙofofin waje duka a ranar farko, ba ka san hannu nawa tsofaffin suka bi ba, daga magina zuwa 'yan hayar baya. Sau da yawa zuciyar makullin kawai ake cirewa, sukuru ɗaya ke riƙe da ita a gefen ƙyaure. Girgiza firam ɗin ma, makulli mai tsada a jikin firam mai rawa ado ne.

Ƙarafan kuwa, abin da ya hana ɓarawo shiga shi zai hana ka fita. In wuta ta tashi a falo da tsakar dare, ta ina masu ɗakin barci za su bi? Kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin barci mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye kusa, inda hannun waje ba ya kaiwa amma yaro mai wayo ya sani. Ƙofar baya kada a mayar da ita ma'ajiyar tarkace. A gwada fita sau ɗaya da yara, fitilu a kashe, a kuma saba rufe ƙofar ɗaki lokacin barci, tana jinkirta hayaƙi.

TAMBAYA: Bene ne, kuma ina da mai rarrafe da mai shekara uku. Daga wata uwa.

AMSA: Durƙusa ki zagaya gidan daga tsayinsu. Tazarar ƙarafan baranda da matakala kada ta wuce santimita 10, tsayinsu ya kai mita ɗaya, kuma kada su zama a kwance yadda yaro zai taka ya hau. Tagogin sama a sa musu abin da zai hana su buɗewa fiye da santimita 10. Ƙaramar ƙofa a saman matakala da ƙasanta. Rijiya da tankin ƙasa murfi da kwaɗo. Bokiti da baho a kife, domin ruwa santimita biyar ya isa ya halaka mai rarrafe. Kabad da talabijin a ɗaure su da bango. In tsohon gida ne mai tsohon fentin mai da ke ɓarewa, yana iya ƙunsar dalma, kada a kankare shi a bushe yara na nan.

TAMBAYA: Yaushe ya fi dacewa a yi feshin ƙwari, kafin fenti ko bayansa? Daga wani ango.

AMSA: Bayan an gama gyara da fenti, kafin kaya su shiga. Toshe ramuka tukuna: gefen bututu, ƙarƙashin ƙofa, ragar taga da ta yage, ɓera ƙarami yana bi ta ramin da fensir zai shiga. Haska tocila a tsagogin bango da bayan katakon gindin bango, in ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kuɗin cizo ne, kuma feshi ɗaya ba ya kashe ƙwansa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka a maimaita bayan mako biyu. Gara kuma aikin ƙwararru ce, a ƙasa gidanta yake. Kada ka yarda a zuba maganin gona ko ƙwayar adana hatsi a ɗaki, iskar da take fitarwa tana ratsawa har ɗakin maƙwabci ta yi kisa. Nemi a nuna maka kwalbar maganin, ka bi awannin da aka rubuta a jikinta, sannan a buɗe tagogi a goge daɓe da kantocin kicin kafin a shigo da kwanuka.